Nikosiya a Ƙafa: Yini Guda a Birnin da Aka Raba da Fensir

Da yawa daga cikinmu mun fara jin sunan Kubrus ne a zauren karatu, cikin labarin Ummu Haram bint Milhan, sahabiyar da ta bi rundunar Musulmi ta farko da ta hau teku a zamanin Halifa Usman, ta faɗo daga kan dabbarta ta rasu a tsibirin. Kabarinta yana nan har yau kusa da garin Larnaka. 'Yan baya kuwa sun fi sanin wurin da sunan Sayifurus, inda ɗan maƙwabci ko ƙanwar aboki ta tafi karatun likita ko injiniya. Sai dai in aka ce wani yana can, akwai tambaya ta biyu da ya kamata a yi: a wane ɓangare? Domin tsibirin a rabe yake, babban birninsa Nikosiya ma a rabe yake, kuma layin da ya raba shi ya bi ta tsakiyar tsohuwar kasuwa ne, ta bayan shaguna da katangun gidaje.

Tsohon birnin ƙarami ne, bai kama ƙafar birnin Kano ba. Mai sauri zai ratsa shi daga kudu zuwa arewa cikin rabin sa'a in ba a tsayar da shi ba. Mu za mu ba shi yini guda, saboda a ƙafa ne ake ganin abin da littattafan siyasa ke tsallakewa: babu ranar da wani ya zauna ya tsara a raba wannan birni har abada. Kowane shinge da za mu gani an kafa shi ne da sunan kafin ƙura ta lafa.

Mu fara daga kudu, a Dandalin Eleftheria, wato dandalin 'yanci. Sabon gini ne na farin kankare, zanen Zaha Hadid 'yar asalin Iraƙi, an buɗe shi a ƙarshen 2021, kuma a kan gwalalon tsohuwar ganuwa aka shimfiɗa shi. Ganuwar ce abin kallo. Mutanen Fenis, 'yan kasuwar tekun nan na Italiya da suka riƙe tsibirin daga 1489, su suka gina ta. Sun fara a 1567 saboda sun san Turkawa na tafe. Injiniyansu Giulio Savorgnano ya ga tsohuwar ganuwar ta yi faɗi da yawa, ba za ta tsaru ba a zamanin igwa, sai ya tsuke birnin cikin da'ira guda mai kewayen kusan kilomita 5, da tunga 11 masu siffar kan kibiya inda ake girke igwa, da ƙofofi uku kacal. Duk abin da ya faɗo wajen da'irar, gida ne ko coci ko fada, aka rushe shi don kada abokin gaba ya sami mafaka. Suka kuma karkatar da kogin Pedieos da ke ratsa tsakiyar gari, ya koma bi ta waje. A riƙe zancen kogin nan, za mu sake cin karo da shi.

Duk wannan wahalar ba ta yi musu rana ba. A watan Yulin 1570 rundunar Sultan Salim na Biyu na Daular Usmaniyya, ta Santambul fa ba tamu ta Sakkwato ba, ta yi wa birnin ƙawanya a ƙarƙashin Lala Mustafa Pasha. Ranar 9 ga Satumba birnin ya faɗi, bayan kimanin mako bakwai. Kisan da ya biyo baya mai muni ne. Masu tarihi suna ambaton kimanin mutum 20,000. In muka bi ganuwar gabas kaɗan za mu iske Masallacin Bayraktar a kan ɗaya daga cikin tungayen, inda aka ce mai riƙe da tutar Turkawa ya fara hawa aka kashe shi. Yau tunga biyar suna hannun kudu, biyar suna hannun arewa, ta goma sha ɗayan tana hannun sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya. Amma hukumar birni ta kudu da ta arewa, kowace hatiminta yana ɗauke da zanen da'irar nan cikakkiya, babu wadda ta yarda ta zana rabi.

Daga nan mu shiga cikin lunguna. Tafiyar 'yan mintoci za ta kawo mu Masallacin Omeriye, wanda coci ne na ƙarni na 14 kafin Turkawa su mayar da shi masallaci, suka sa masa sunan Halifa Umar. Yana ɓangaren Girkawa, ana kuma salla a cikinsa har yanzu, amma masu cika sahun baƙi ne: Larabawa, mutanen Asiya, 'yan Afirka. Jikokin waɗanda suka gina hasumiyarsa suna can ƙetaren layi. Gaba kaɗan akwai Cocin Faneromeni, a gefensa akwai hubbaren manyan limaman Kirista da gwamnan Turkawa ya kashe a 1821, cikinsu har da Akbishop Kyprianos, lokacin da tawayen Girka ya ɓarke aka ji tsoron kada ya tsallako tsibirin.

Tsakanin masallacin nan da cocin nan akwai shekara ɗari uku na zama tare, kuma ba daidai ba ne a taƙaita su da hubbare guda. Kafin zuwan Turkawa, sarakunan tsibirin 'yan Katolika ne daga Faransa da Italiya, sun danne cocin Otodoks na talakawan Girkawa. Turkawa ne suka mayar wa cocin matsayinsa, suka ɗora wa Akbishop shugabancin jama'arsa da alhakin tara harajinsu. Wannan shi ne dalilin da ya sa, da 'yanci ya zo, limamin coci ne ya zama shugaban ƙasa na farko. An kuma kawo Musulmi daga Anatoliya aka zaunar. A ƙauyuka ana noma tare, ana cin kasuwa guda, Musulmi da yawa ma Girkanci suke yi a gida. Ba a cika auratayya ba, amma ana zuwa bikin juna. A ƙidayar 1891 akwai ƙauyuka 346 da al'ummomin biyu ke zaune a gauraye. Zuwa 1960 sun ragu zuwa 114. Ke nan rabuwar ta fara tun kafin a zo da waya mai ƙaya.

Me ya faru a tsakani? Ingilishi sun karɓi tsibirin a 1878, suka mayar da shi cikakkiyar ƙasar mallaka a 1925. Sun bar kowace al'umma da makarantunta, littattafai da malamai na zuwa wa waɗannan daga Atina, na waɗancan daga Santambul. Yaron da kakansa ya san kansa a matsayin Kirista ɗan ƙauye kaza ya tashi ya san kansa ɗan Girka. Abokin wasansa Musulmi ya tashi Baturke. Kowane littafin tarihi yana koya wa yaro cewa kakan ɗayan ne mugun labarin. A ganinmu, allon makaranta ya yi wa Kubrus ɓarnar da ta kai ta bindiga, ko da yake ba a cika ɗora masa laifi ba.

Yanzu mun fito Titin Ledra, babban titin kasuwanci na tsohon gari. Ba mota, sai masu tafiya a ƙasa, shagunan tufafi da na kofi hagu da dama. A shekarun 1950 sojojin Ingila sun sa masa laƙabin titin kisa. Ranar 1 ga Afrilun 1955 ƙungiyar EOKA, ƙarƙashin Kanar Georgios Grivas, ta fara yaƙin sunƙuru. Ba 'yancin kai take nema ba, haɗewa da Girka take nema, abin da suke kira enosis. Turkawan tsibirin, waɗanda ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na jama'a ba, suka ga in hakan ta tabbata sun zama baƙi a gidajensu; sai suka ɗaga nasu taken, taksim, wato a raba, suka kafa tasu ƙungiyar mai makami, TMT. Ingilishi kuwa suka ɗebi Turkawa da yawa aikin 'yan sandan taimako don farautar EOKA. Kowa ya san abin da zai biyo baya in aka ba maƙwabci kulki aka ce ya tsare maƙwabcinsa. A 1956 aka fara shimfiɗa waya mai ƙaya a tsakiyar Nikosiya. A 1958 Turkawa suka ɓalle suka kafa hukumar birni tasu.

Gwamnan Ingila na ƙarshe a tsibirin, Sir Hugh Foot, ba baƙon Nijeriya ba ne: shi ne Babban Sakataren gwamnatin mulkin mallaka a Legas daga 1947. Shi ya miƙa mulki ranar 16 ga Agustan 1960, mako shida da 'yan kwanaki kafin Nijeriya ta karɓi nata. Kundin tsarin mulkin da aka ba Kubrus kamar rabon gado aka rubuta shi. Shugaban ƙasa daga Girkawa, Akbishop Makarios. Mataimaki daga Turkawa, Dakta Fazil Kucuk. Kowannensu da ikon hawa kujerar na-ƙi. Kujerun majalisa da guraben aikin gwamnati kashi 70 da 30, soja kashi 60 da 40. Birtaniya da Girka da Turkiyya su ne masu lamuni, Birtaniya kuma ta riƙe sansanonin soja biyu da take da su har gobe. Girkawa suka ga an ba tsiraru fiye da ƙimarsu, Turkawa suka ga ana jan ƙafa wajen ba su abin da aka rubuta. Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da suka tsaya a wuya shi ne batun hukumomin birni: shin gari guda zai zama da magajin gari ɗaya ko biyu? A Nuwamban 1963 Makarios ya kawo gyare-gyare 13 ga kundin. Ranar 21 ga Disamba, 'yan sandan Girkawa suka tsayar da wata mota ta Turkawa da dare suna neman katin shaida, gardama ta kaure, aka harbe mutum biyu. Kafin a ankara gari ya kama da wuta.

A nan fensirin ya shigo. A ƙarshen watan, bayan doguwar tattaunawa, kwamandan sojan Ingila Manjo Janar Peter Young ya ɗauki koren fensir ya ja layin tsagaita wuta a kan taswirar birnin. Daga launin fensirin nan aka sami sunan Koren Layi. A cikin ganuwa, layin ya bi kusan sawun tsohon kogin da mutanen Fenis suka karkatar. Da ruwa ya bar wurin, an cike kwarin, ya zama jerin kasuwanni, mafi shahara Titin Ermou, inda unguwannin Kiristoci na kudu da na Musulmi na arewa ke haɗuwa su yi ciniki. Wato wurin da ya fi ko'ina haɗa mutanen biyu, shi aka mayar kan iyaka. A Maris 1964 sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka iso da wa'adin wata uku. Sun haura shekara sittin ana sabunta musu wa'adi.

Titin Ledra ya ƙare ne a wata 'yar rumfa inda ɗan sanda ke duba fasfo. Shekara arba'in da huɗu nan bango ne. Sai ranar 3 ga Afrilun 2008 aka buɗe. Bayan rumfar akwai tafiyar da ba ta kai minti biyu ba kafin rumfar ɗaya ɓangaren. Mu rage sauri a nan. Hagu da dama gine-gine ne da aka tokare da ƙarafa don kada su rufto, an rufe lungunan da ƙyallaye da ƙofofin ƙarfe. Bayansu yankin tsakani ne, wanda ba mai shiga sai sojan Majalisa. Tsawonsa a faɗin tsibirin kilomita 180. Wani wurin faɗinsa ya haura kilomita 7, amma a cikin tsohon garin nan akwai inda bai kai mita huɗu ba. A ciki akwai shagunan da masu su suka kulle suka ce gobe za su dawo, da bishiyoyin da suka tsiro ta tsakiyar ɗakuna, da wani garejin ƙarƙashin ƙasa inda sababbin motocin Toyota da aka shigo da su a 1974 ke jibge cikin ƙura.

Shekarar 1974 ita ta mayar da layin birni layin ƙasa. Ranar 15 ga Yuli sojojin da ke mulkin Girka suka shirya wa Makarios juyin mulki, suka ɗora Nikos Sampson, mutumin da Turkawa suka sani da hannu a rikicin 1963. Kwana biyar bayan haka Turkiyya ta sauke sojoji a gaɓar arewa, tana kafa hujja da matsayinta na mai lamuni. Gwamnatin juyin mulkin ta rushe cikin kwanaki, ta Atina ma ta bi ta, amma a tsakiyar Agusta Turkiyya ta sake dannawa har ta riƙe sama da kashi ɗaya cikin uku na tsibirin. Girkawa kimanin 160,000 suka gudu kudu, Turkawa dubun dubata suka koma arewa. Girkawa suna kiran abin mamaya, Turkawa suna kiransa aikin wanzar da zaman lafiya. In ka zauna da Bagirke, tarihin yana farawa ne daga 1974. In ka zauna da Baturke, daga 1963 yake farawa, lokacin da mutanensa kimanin 25,000 suka bar ƙauyukansu suka shafe shekara goma a takure cikin 'yan unguwanni. Duka biyun gaskiya suke faɗa, kowa dai rabin da ya fi masa zafi yake ɗauka. A 1983 Rauf Denktash ya ayyana Jamhuriyar Turkiyya ta Arewacin Kubrus, wadda har yau Turkiyya kaɗai ta amince da ita.

Mun tsallaka. Wannan mashigar a arewa sunanta Lokmaci, daga mai sayar da lokma, wani soyayyen ƙulli mai kama da fanke da ake tsomawa a ruwan sukari. Kalmar daga Larabci take, tushenta ɗaya da lomar da muke kaiwa baki. Birnin da Girkawa ke kira Lefkosiya nan ya zama Lefkosha. Kuɗin ya tashi daga Yuro ya koma Lira. Kofin da aka kawo mana a kudu da sunan kofin Kubrus, shi ne dai nan da sunan kofin Turkiyya, ɗan ƙaramin kofi guda, gari guda a ƙasansa. Cukun da suke gasawa a wuta can halumi ne, nan helim. Motoci a duk ɓangarorin hannun hagu suke bi, soket ɗin bango kuma mai baki uku ne irin namu. Gadon Ingila ne da babu wanda ya ga amfanin yin faɗa a kansa.

Rashin amincewar duniya kuwa a ƙananan abubuwa ake jin sa. Lambar wayar arewa ta Turkiyya ce. Wasiƙa sai an rubuta mata adireshin Mersin, wani gari a Turkiyya, sannan ta iso. Jirgin da zai sauka filin Ercan sai ya biyo ta Turkiyya. Ba a haɗa layukan wayar salula na ɓangarorin biyu ba sai a 2019. Mu masu rubuta manhaja ma abin ya taɓa mu: a 2016 Turkiyya ta daina sauya agogo da sauyin yanayi, arewacin Kubrus ya bi ta, kudu kuwa ta mayar da nata baya kamar sauran Turai. Sai ga birni guda da lokaci biyu, bambancin sa'a ɗaya tsakanin farkon Titin Ledra da ƙarshensa. Dole masu kula da rumbun bayanan lokutan duniya, wanda wayoyinmu da kwamfutocinmu ke dogaro da shi, suka ƙirƙiri sabon yanki mai suna Asia/Famagusta. Bayan shekara guda arewa ta janye matakin, amma sunan yana nan a cikin rumbun. Abin da ya shiga irin wannan kundi ba ya fita.

Mintoci kaɗan daga mashigar akwai Buyuk Han, babban masaukin fatake da Turkawa suka gina a 1572, shekara biyu da cin garin. Zango ne na dutse mai hawa biyu da ɗakuna 68 kewaye da tsakar gida: ƙasa don kaya da dabbobi, sama don kwana, a tsakiya kuma ɗan ƙaramin masallaci a kan ginshiƙai da wurin alwala a ƙarƙashinsa. Ingilishi sun mayar da shi kurkuku, daga baya talakawa suka zauna a ciki, yanzu masu sana'ar hannu ne da masu abinci. Nan ya dace a ci abincin rana.

Daga ƙofarsa ana hango hasumiyoyi biyu na Masallacin Selimiye, ginin da ya fi kowane ɗaukar ido a birnin. Sarakunan gidan Lusignan, Faransawan da suka sami tsibirin a 1192 bayan Sarkin Ingila Richard ya ƙwace shi a hanyarsa ta yaƙin Ƙudus, su suka fara gina shi a 1209 da sunan Cocin Santa Sofiya, aka keɓe shi a 1326. A nan ake naɗa sarakunansu. Irin ginin manyan cocin Faransa ne sak, da dogayen tagogi da bakuna masu tsini. A 1570 Turkawa suka fitar da gumaka, suka shafe bango da farar ƙasa, suka ɗora hasumiyoyi a kan kafaɗun ginin. Matsala guda ta rage: cocin gabas yake kallo, alƙibla kuwa daga Kubrus kudu maso gabas take. Ba su rushe ba. Shimfiɗun suka karkatar, sahu ya tafi a gicciye, ginshiƙai na bin hanyarsu masallata na bin tasu. Sunan Selimiye ma sai a 1954 aka sa masa. Kusan shekara ɗari huɗu Musulmin garin suna salla a masallacin da suke kira Aya Sofiya, abin bai dame su ba.

Da la'asar sai mu yi yamma, mu wuce dandalin Sarayonu inda wani ginshiƙin dutse yake tsaye, wanda mutanen Fenis suka kafa, Turkawa suka kayar, Ingilishi suka sake tayarwa a 1915. Mu shiga unguwar Arabahmet mai gidajen da barandarsu ke leƙo titi. Nan Armeniyawan birnin suka zauna har 1963, lokacin da layin ya bar unguwarsu a arewa suka kwashe suka koma kudu. Rikicin ba nasu ba ne, amma cocinsu da makarantarsu da gidajensu duk suka tafi a ciki. Ƙarshen unguwar akwai tungar Roccas, wadda aka mayar wurin shaƙatawa. A nan yankin tsakanin ya kusan ɓacewa: mutum na tsaye a arewa, ya leƙa ta ragar waya, ga motocin kudu suna wucewa a ƙarƙashinsa ta Ƙofar Pafos.

Hanyar komawarmu ita ce mashigar Ledra Palace, wajen ganuwa kaɗan. Otal ne da aka buɗe a 1949, mafi ƙawa a birnin a zamaninsa, yanzu yana cikin yankin tsakani da tabon harsasai a jikinsa. Nan aka fara buɗe hanya ranar 23 ga Afrilun 2003, bayan shekara 29 ba shiga ba fita. Mutane suka yi dogayen layuka don su je su ga gidajen da suka bari. Da yawa sun ƙwanƙwasa ƙofar gidan da aka haife su, wani ya buɗe, shi ma ɗan gudun hijira daga ɗaya ɓangaren, ya ce su shigo su sha kofi. Akwai waɗanda aka miƙo musu hotunan aurensu da aka adana musu shekara talatin. Rikicin da aka yi ta tsoro bai faru ba. Amma da aka zo ƙuri'ar raba gardama ranar 24 ga Afrilun 2004 a kan shirin haɗewa na Kofi Annan, Turkawa kashi 65 suka ce e, Girkawa kashi 76 suka ce a'a. Mako guda bayan haka Kubrus ta shiga Tarayyar Turai a rabe. Masu cewa a'a suna da dalilansu, musamman zaman sojojin Turkiyya da batun gidaje da filaye. Sai dai an riga an tabbatar musu da shiga Turai ko sun yarda ko ba su yarda ba, don haka ƙin bai ci musu komai ba a lokacin.

Akwai aikin da ya ci gaba duk da haka. Mutum 2,002 aka lissafa sun ɓata a rikicin 1963 zuwa 1964 da na 1974: Girkawa 1,510, Turkawa 492. Tun 2006 wani kwamiti na haɗin gwiwa yake tono rijiyoyi da gonaki, matasan masana daga ɓangarorin biyu suna aiki kafaɗa da kafaɗa, ana gwajin ƙwayar halitta, ana miƙa wa iyalai ƙasusuwan 'yan uwansu a ƙananan akwatuna. An gano sama da mutum dubu. Kwamitin ba ya tambayar wanda ya yi kisan. Da wannan sharaɗin ne tsofaffin da suka san inda ramukan suke ke yarda su nuna.

Dole kuma mu faɗi wani abu da ya shafe mu kai tsaye: wannan yawon da muke yi ba kowane fasfo ne ke iya yin sa ba. Dubban 'yan Nijeriya suna karatu a jami'o'in arewa, har da 'ya'yan Kano da Kaduna da Katsina, kuma da yawa sai da suka sauka suka gane cewa ba Kubrus ta Tarayyar Turai dillali ya kawo su ba. Gwamnatin kudu tana ɗaukar filin jirgin Ercan a matsayin haramtacciyar mashiga. Ɗalibin da ya shigo ta can, ba shi da bizar kudu, zai iya shekara huɗu yana hango Titin Ledra bai taka shi ba. A 2020 hukumar kula da 'yan Nijeriya mazauna ƙetare ta gargaɗi iyaye game da tura 'ya'yansu arewacin tsibirin. A 2021 wasu 'yan Kamaru da suka yi ƙoƙarin tsallakawa kudu neman mafaka suka maƙale a daidai wannan wuri, kusa da otal ɗin. Kudu ta ƙi karɓarsu, komawa arewa kuma na nufin a mayar da su gida. Watanni suka yi a cikin tanti, sai da Fafaroma Francis ya ziyarci tsibirin a Disamba aka sa su cikin waɗanda aka kai Italiya.

A cikin otal ɗin nan ne kuma aka yi wata tattaunawa da ba ta cika shiga labarai ba. Kafin yaƙin 1974 ana cikin gina wa Nikosiya magudanar ruwan ƙazanta ta zamani. Da layi ya tsaya, sai ya zama yawancin bututun suna kudu, matatar kuwa tana arewa, a Mia Milia, wadda Turkawa ke kira Haspolat. Ƙazanta ba ta jiran sulhu. Magajin garin kudu Lellos Demetriades da na arewa Mustafa Akinci, wanda a lokacin bai daɗe da cika shekara talatin ba, suka fara ganawa a ƙarƙashin inuwar Majalisar Ɗinkin Duniya. Tun da babu ɓangaren da ya amince da muƙamin ɗayan, sai suka ajiye sunan magajin gari a bakin ƙofa, suka zauna a matsayin wakilan al'ummominsu. A 1978 suka daidaita, a 1980 ruwa ya fara bi ta ƙarƙashin Koren Layi. Daga nan suka wuce ga tsarin raya birnin baki ɗaya, wanda aka zana bisa zaton wata rana zai koma guda. Gyaran Arabahmet da muka gani da na unguwar Chrysaliniotissa a kudu duk daga cikinsa suka fito, har aikin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 2007. Batun hukumomin birni da ya taimaka wajen rusa jamhuriyar 1960, su hukumomin ne suka fara gano yadda za a yi aiki tare.

Kada dai mu ɗauka dabarar bututu za ta warware komai. Akinci ɗin nan ya zama shugaban Turkawan Kubrus a 2015, da alƙawarin haɗe tsibirin, ya zauna da Nikos Anastasiades na kudu, aka kai har taron Crans-Montana a Suwizalan a Yulin 2017, inda aka watse ba a cimma komai ba, galibi a kan batun sojojin Turkiyya da lamuni. A 2020 ya faɗi zaɓe. Matatar Mia Milia kuwa an sabunta ta da taimakon Tarayyar Turai, tana iya tace ruwa mita kubik 30,000 a kullum. Kimanin kashi 70 na abin da ke shiga cikinta daga kudu yake zuwa, kashi 30 daga arewa.